Karan da Baba Ya Ajiye

Ranar Talata da hantsi Allah ya karɓi ran surukina, mahaifin matata, wanda kowa a garinmu yake kira Baba. Mu na Allah ne, wurinsa kuma za mu koma, shi ya riga mu ne kawai. Kafin azahar mun kai shi makwancinsa, muka dawo aka shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, ƙarƙashin darbejiyar nan da ke kallon kanal. Ni ne mijin 'yarsa ta fari, don haka aka zaunar da ni kusa da 'ya'yansa maza. Duk wanda ya zo sai ya miƙo mini hannu ya ce, "Ya haƙuri?" Na yi ta cewa da godiya har bakina ya bushe.

Jama'a kam sun zo. Wani tsoho ya tako keke tun daga wajen Bunkure, ƙafafunsa duk taɓo. Ya yi addu'a ya shafa, sai ya tsaya yana kallon ƙasar da ke gaban tabarma. Ya nuna da yatsa ya ce, "A daidai nan ya zana mini gonata, shekarar da kanwa ta taso mata." Sai ya ja bakin rawaninsa ya rufe fuska. Wani dillalin tumatir daga Garun Mallam ya ce shi dai bai taɓa ganin mutumin da za a kawo wa kuka ya ce a dakata ya share ƙasa tukuna ba, sai Baba. Aka ɗan murmusa, irin murmushin gidan makoki da ba ya daɗewa. Can sai dillalin ya juyo ya ce, "Wai ni kam, me ya sa ya daina? An fi shekara huɗu ban ga kara a hannunsa ba."

Liman ya ce ido ne ya yi rauni. Babban ɗansa ya ce a'a, gwiwa ce, tsuguno ne ya gagare shi. Kowa ya gyaɗa kai. Ni kuwa na sunkuya ina jan carbi, don na san ba ido ba ne, ba kuma gwiwa ba ce. Ni ne. Na yi wa bawan Allahn nan laifi a gaban mutane, na shekara huɗu ina cewa gobe zan je in nemi gafararsa, har muka zuba masa ƙasa ban buɗe baki na faɗi abin da na yi ba. Abin da ya zaunar da ni rubutun nan ke nan. Ba na so a manta da shi, ba na kuma so a ci gaba da ɗora wa gwiwarsa laifin da ba nata ba.

Ga wanda bai san shi ba, bari in faɗi yadda yake yi.

Baba bai yi boko ba. Allo ya yi, ya sauke, ya kama fartanya. Amma yana saurayi aka zo yanka filayen nan ana haƙa kanal, ya yi leburanci a wurin masu awo, shi ke riƙe musu sanda. A nan ya ga wata ƙatuwar takarda da suke shimfiɗawa a kan mota. Babban kanal a tsakiya, ƙanana sun fita daga jikinsa, daga su kuma 'yan kwatoci sun ratsa gonaki. Ya sha ba mu labari cewa ranar ko tuwo bai iya ci ba don mamaki, wai ƙasar da mutum zai wuni yana tafiya bai ƙure ta ba, ga ta a gabansa, kallo ɗaya ya ɗauke ta. Ya ce a ransa, in har za a iya kwantar da ƙasa guda a ga kanta da ƙafarta, to damuwar mutum ma za a iya.

In ka kawo masa matsala ba ya ba ka amsa. Sai ya share ƙasa da gefen tafinsa, ya karyo karan dawa, ya zana da'ira kamar bakin ƙwarya, ya ɗauki tsakuwa ya sa a tsakiya. Ya ce, "Ga damuwarka nan. Ta zauna, ba inda za ta. To, ta ina ruwa zai fita?" Duk wanda ke wurin sai ya kawo tasa shawarar. Kowace shawara zai ja mata layi daga jikin da'irar, ya ɗora mata alama a ƙarshe, ko ƙwayar shinkafa, ko ɓawon albasa, ko ganyen darbejiya, in abin ya ƙure har kashin awaki. Reshe yake ce wa kowane layi. Sai ya ɗora bakin kara a kan reshe ya ce, "Wannan me zai haifa?" ya ja masa 'ya'ya. Kafin a jima ƙasa ta cika, mutumin da ya zo yana rantsuwa cewa ba shi da mafita ko ɗaya yana tsugune yana ƙirga goma sha.

Dokarsa ɗaya ce, kuma ba ya sassauta ta ga kowa: ba a kushe reshe sai an gama. In wani ya ce, "Haba, wannan ai shirme ne," sai Baba ya ɗaga kara. "Bar shi ya kwanta. Shirme ma yana haihuwa, kuma ba kullum yake haifar irinsa ba." In baki ya mutu, kowa ya zazzage abin da ke kansa, sai ya tsaya yana kallon zanen. Can sai ka ga ya ja dogon layi ya haɗa rassa biyu da ke nesa da juna, waɗanda ba wanda ya taɓa kawo su wuri ɗaya a ransa. Ɗaurin aure yake kiran wannan, kuma a nan sabuwar dabara take fitowa. In an watse, shi da kansa yake shafe zanen da hannu, da bisimilla. Ba a taka shi. Ko akuya ce ta nufo wurin sai ka ga mutum uku sun miƙe suna kora.

Ni na fi kowa sanin zanen nan, ba don na fi kowa kai ba. Suruki ne ni. Tun daga nesa nake tuɓe takalmi, in tsuguna, in kafa ido a ƙasa. Shekara goma sha tara ina auren 'yarsa ban taɓa kallon tsakiyar idonsa ba. To ƙasar da nake kallo ɗin, a nan yake aikinsa. Na san yatsunsa fiye da fuskarsa, na san ƙumbar babban yatsansa da lauje ya taɓa tsagawa ta fito a karkace. Shi ma bai taɓa kama sunana ba, Malam yake ce mini. Matata kuwa 'yar fari ce, "yarinyar nan" yake ce mata har ta haifi bakwai.

Inna, surukata, ta sha yin faɗa a kan zanen nan. Za ta share tsakar gida tas, ta yayyafa ruwa, ta juya ta ɗora tukunya, ta waiwayo ta tarar ya tone wurin. Wata rana ina zaure na jiyo ta tana cewa, "Malam, tsakanin kai da kajin gidan nan ban san wanda ya fi ba ni aiki ba!" Shi kuma yana cewa, "Tsaya, tsaya, kada ki taka, zaman gidan ƙanwarki ne a nan." Da na leƙa, ga ta ta ajiye tsintsiya ta durƙusa tana nuna masa inda zai ƙara reshe.

Gonata tana can wutsiyar layi, inda ruwa ke isowa a gajiye. Akwai ranin da rigima ta yi tsanani tsakaninmu da masu gonakin sama, har aka fara zuwa ban ruwa da gora. Su sha su ƙoshi, mu alkamarmu tana yaushi muna kallo. Baba ya tara mu a gindin darbejiya, ya sa tsakuwa ya ce ga ruwa nan. Wani ya ce a sa mai gadi. Wani ya ce a kai ƙara ofis. Wani ya ce a fito a yashe kwata, ciyawar kacalla ce ta shaƙe ta. Ni na ce a bar mu da su kawai, kowa ya gwada ƙarfinsa, kuma wallahi wannan ma sai da ya ja masa layi, ya ɗora masa ƙaya.

Akwai wata tsohuwa da ke sayar da dafaffen rogo a bakin kwalbati, tana jin mu. Sai ta ce, "Wai dole ne kullum ruwa ya fara da na sama? Ni in ina rabon tuwo da na nesa nake farawa, don na kusa ba ya ɓacewa." Aka kwashe da dariya, wani ya ce, "Iya, ruwa ai ba tuwo ba ne." Baba bai ko ɗago ba. Ya ja mata reshe, ya ce ta gutsuro masa rogo ya ɗora. Da aka gama, sai ya ɗaura auren reshen rogo da reshen yasa. Mu 'yan wutsiya mu fito mu taya na sama cire kacallar da ta fi ƙarfinsu, su kuma ranar farko ta sakin ruwa su toshe bakunan gonakinsu ya wuce har wurinmu, sannan a biyo sama. Har yau haka muke yi a layinmu, yaran yanzu ma sun ɗauka haka aka halicci abin.

Ba kowa ne ya so zanen ba. Wani matashin malami ya dawo daga karatu ya buɗe Islamiyya a garin, jininsa na tafasa. Wata rana bayan la'asar ya yi wa'azi a masallaci, bai kama suna ba, amma ya ce akwai dattijon da ke bugun ƙasa a bakin hanya kamar boka, mutane suna kewaye shi. Maganar ta soki Baba ƙwarai. Washegari ya sa babbar riga ya taka har makarantar. Ya ce, "Malam, na ji wa'azinka, Allah ya saka. Mai bugun ƙasa gobe yake gaya wa mutane. Ni ko abin da za a dafa a gidana yau ban sani ba. Fito ka gani da idonka. In haram ne ka hana ni, wallahi daga yau na bari."

Malamin ya fito yana cin magani. Baba ya ce ya kawo abin da ya fi damunsa. Ya ce ɗalibai ne, da an fara tsinkar tumatir sai aji ya zama wayam. Suka tsuguna su biyu a ƙofar makaranta. Ban san duk rassan da suka ja ba, na dai san tun daga shekarar, in kakar tumatir ta zo, karatu yana komawa bayan sallar asuba, a tashi kafin rana ta yi zafi, iyaye kuma suka daina ɓoye yara. Malamin nan shi ne Limaminmu na yanzu. Shi ya sallaci Baba, kuma duk wanda ke sahun gaba ya ji yadda muryarsa ta karye a kabbara ta uku.

Kun ga mutumin da aka jefa da bokanci a masallaci bai ajiye karansa ba. Ni na sa ya ajiye.

Ni mutum ne mai zafin kai, duk wanda ya san ni ya san haka, ba abin alfahari ba ne. Shekarar da tsutsar nan da muke kira sharon ta faɗa wa tumatir, gonata ta ƙone ƙurmus cikin 'yan kwanaki, kamar an bi ta da wuta. Ranar Juma'a ina kallon 'ya'ya sun yi luf-luf, kafin wata Juma'ar ba ganye ɗaya mai rai. Duk abin da na mallaka yana cikin gonar nan. Na daina cin abinci, na daina zama cikin mutane. Na yanke a raina zan sayar da ita in koma wajen Kumbotso in ja adaidaita sahu, noma ya ishe ni. Matata ta yi kuka ta yi magiya, na ce ta rufe mini baki. Sai ta ɗauki mayafi ta tafi wurin mahaifinta.

Ya aiko a kira ni bayan la'asar. Na ɗauka a zaure za mu gana, ni da shi. Ina zuwa na tarar da shi a gindin darbejiya, majalisa ta cika, ya riga ya share ƙasa. Na tuɓe takalmi na tsuguna. Ya sa tsakuwa a cikin da'ira ya ce, "Ga Malam nan da iyalinsa." Aka fara. Wani ya ce albasa, wani ya ce alkama, wani ya ce in ba da gonar aro shekara ɗaya in huta. Adaidaitar ma ya ja mata reshe, ya ɗora mata murfin kwalba. Ni dai ina tsugune, ina jin ana juya talaucina a gaban mutane.

A cikin majalisar akwai taubashina, ɗan gwaggona, wanda tun muna yara ba ya ganina bai tsokane ni ba, kuma al'ada ta ba shi dama. Sai ya ce, "Baba, a ja wa matarsa reshe mana. Ai ta iya turara shinkafa. Ta riƙa ciyar da shi, shi kuma ya zauna a gida yana goyon yara." Wurin ya ɓarke da dariya. Na jira Baba ya tsawatar. Ai 'yarsa ce aka ambata a bakin hanya, ni kuma mijinta ne. Sai na ga hannun nan ya miƙa, ya ja layi a nitse, ya ɗora ƙwayar shinkafa a ƙarshensa. Ya ɗora bakin kara a kai ya ce, "Wannan me zai haifa?"

Kai! Ban san lokacin da na miƙe ba. Na jawo takalmana na saka su a gabansa, abin da ban taɓa yi ba tun da na fara neman 'yarsa. Na ce, "Ni ba tsakuwa ba ne, Baba. Gidana kuma ba wasan ƙasa ba ne." Ga hanya ta dama, ga ta hagu, amma sai na bi ta tsakiyar zanen. Na ji murfin kwalbar nan ya lotse a ƙarƙashin ƙafata. Dariya ta ɗauke ɗif. Liman ne kaɗai na ji ya ce subhanallahi. Da na kai kwalbati na waiwaya, na hango Baba yana shafe abin da ya rage da tafinsa a hankali, har da sawun takalmina. Ya ajiye karan a gindin bishiya, ya dafa gwiwa ya miƙe, ya shiga gida.

Ban sayar da gonar ba. Ba hankali ne ya zo mini ba, masu sayen ne suka so su ci da haƙƙina don sun ga ina cikin matsi, zuciyar nan tawa kuma ta hana ni sallamawa. Damina ta faɗi na zuba shinkafa kamar kowa. Da aka yanke, ina shirin kai ta kasuwa shanshera, ba a cashe ba, yadda na saba, sai matata ta ce in dakata. Ta ce in ba ta ta turara a gida, in kai inji a cashe, mu sayar da gyararriya. Na ce wa ya kitsa mata wannan. Ta yi ta kewaye-kewaye, daga baya ta ce, "Baba ne. Ya ce gonarka da tukunyata a haɗa su. Ya ce kada in ce shi ne."

Ashe da na taka zanen, ban goge shi daga kansa ba. Ya zauna ya ɗaura auren a zuci, ya aiko mini ta bayan gida. Muka gwada. Shekarar farko tukunya ɗaya, ta biyu muka ƙara ganga, yanzu mata uku ke taya ta, ni ke noma ni ke kai wa inji. Da shi muke ci, da shi muka rufa ɗakin da ya shekara yana yoyo, da shi yaranmu ke makaranta. Reshen da na bi ta kansa da takalmi shi ke ciyar da ni har yau, taubashina kuma bai fasa tuna mini ba.

To me ya hana ni zuwa? Na tambayi kaina wannan ya fi a ƙirga. Da fari girman kai ne. Daga baya kunya ce, kuma ita ta fi muni, don kullum ƙara nauyi take yi. Ina zuwa gaisuwa kamar da, ban fasa ba. Duk Sallah in tuɓe takalmi in tsuguna in ce, "Baba, barka da Sallah." Ya ce, "Barka kadai, Malam. Ya yaran?" In ce lafiya lau. Ina kallon ƙasar da ke gabansa, a share sumul, ba ko ɗigo. In yi niyyar faɗar maganar, sai in ce a raina yau akwai mutane, bari sai an watse. In an watse in ce yau ya gaji. Buhun farko na gyararriyar shinkafa na aika masa, ya aiko da sa albarka. Na yaudari kaina cewa ai ya gane, buhun ya yi magana.

A shekarun nan mutane ba su daina kawo masa damuwa ba. Sai ya saurara har ƙarshe, hannuwansa a kan cinya, ya ce, "Allah ya kawo mafita. Ku je wurin Liman." Na ga yadda yatsunsa ke motsi a kan riga in ana magana. Ya rame, ya rage zama a waje, majalisar darbejiya ta watse a hankali. Na san mutum biyu a layinmu da suka sayar da gonakinsu a tsakanin nan, waɗanda na tabbata da an share musu ƙasa an ja musu rassa da ba su sayar ba. Ɗayansu yana birni yana dako. Wannan ma ina jin sa a wuyana.

Jinyarsa ba ta yi tsawo ba, mako biyu ne. Ranar Lahadi na yi alwala na tafi da niyyar yau ko duniya za ta taru sai na faɗa. Na tarar da ɗakin cike, 'ya'yansa, Liman, maƙwabta. Na tsuguna a bakin ƙofa. Abin da ya fito daga bakina kawai shi ne, "Baba, sannu. A yafe mana." Ya ce, "Ba komai, Malam. Allah ya yafe mana baki ɗaya." Wannan kuwa ita ce maganar da kowa ke faɗa a bakin ƙofar majinyaci, ita ce amsar da kowa ke samu, har maƙwabcin da bai taɓa yi masa ko kallon banza ba. Ba ita na zo faɗa ba. Na ga hannunsa ya ɗaga daga kan tabarma kamar zai tsayar da ni, sai ɗansa ya shigo da kunu aka shiga tayar da shi zaune. Na ce a raina bari in dawo Talata, ranar mutane suna ban ruwa, ɗakin zai yi sauƙi. Talatar ina tsaye a bakin kwata da fartanya aka kira ni a waya.

Bayan an yi sadakar uku, baƙi sun ragu, Inna ta aiko matata ta kira ni. Tana cikin ɗaki tana takaba, labule a sake. Na tsuguna a bakin ƙofa, matata ta zauna a gefe. Muka gaisa, na yi mata ya haƙuri. Sannan ta ce, "Malam, saƙo ne a wurina, ya yi mini nauyi, ina so in sauke."

Na ce, "To, Inna."

Ta ce, "Ranar da abin nan ya faru a gindin bishiya, da ya shigo bai ci abinci ba. Ya ce mini, 'Yau na tona asirin mijin 'yata a bakin hanya. Mutum yana cikin ciwo na tara masa jama'a. An taɓa mutuncinsa ina ji, na fifita dokar zanena a kansa.' Ya rantse ba zai ƙara ɗaukar kara ba sai ya nemi gafararka ka yafe masa."

Na ce, "Inna, gafarata?"

Ta ce, "Taka. Duk Sallah sai ya ce mini yau zai faɗa maka. In ka tafi ya shigo in ce ya aka yi, sai ya ce, 'Na kasa. Ya tsuguna kansa a ƙasa, ta ina zan fara?' Na ce ya bari ni in faɗa, ya ce a'a, bakin da ya yi laifi shi zai yi magana. Ranar Lahadi da ka fita ya kira ni, ya ce in bai kai ba, in tambaye ka a madadinsa. To na tambaye ka, Malam. Ka yafe masa?"

Na ce, "Inna, ni ne fa na taka. Da takalmi, a gaban mutane."

Ta ce, "Na sani. Ba shi aka aiko ni in tambaya ba."

Na fashe da kuka a gaban surukata, ƙato da ni, ban ji kunya ba, kunyar ta zo ta ƙare a inda ba ta da amfani. Na ce, "Na yafe, Inna. Duniya da lahira na yafe." Ko numfashi ɗaya maganar ba ta ci ba. Inna ta ce alhamdulillahi, na ji tana jan hanci a bayan labule. Matata kuwa ba ta yi kuka ba. Ta dube ni, irin duban da ba ta taɓa yi mini ba a zamanmu, ta ce, "Wannan ce maganar da ta gagare ku shekara huɗu?" Ta tashi ta shige wurin mahaifiyarta ta bar ni a tsugune.

Ya Allah, ga bawanka nan ya zo maka. Ka yalwata masa makwancinsa, ka haskaka shi, ka saka masa da alheri a kan kowace damuwa da ya kwantar a ƙasa har mai ita ya ga hanya. Duk wanda ya karanta wannan, don Allah ya sa shi a addu'a. Ka sanar da shi, ya Ubangiji, cewa saƙonsa ya iso kuma na amsa, ko da na makara. Nawa roƙon kuwa ba wanda zan aika da shi, yana nan a bakina sai mun haɗu.